Daga daji zuwa fada: Wa ya rage ya ba da labarin Birnin Gwari?

A farkon watan Agustan 2022 Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta ci tarar gidan talabijin na Trust TV Naira miliyan 5 saboda wani fim na bincike da ya nuna a watan Maris na shekarar kan ta'asar 'yan bindiga a Arewa maso Yamma. Laifin da aka ɗora wa tashar shi ne kambama 'yan ta'adda. Kwanaki kaɗan kafin nan Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya yi barazanar hukunta ta tare da BBC, wadda ita ma ta fitar da nata fim ɗin kan 'yan bindigar Zamfara. Ɗan jaridar da ya ratsa daji ya ɗauko muryoyin da ke cikin fim ɗin na Trust TV shi ne Malam Abdulaziz Abdulaziz. Shekara guda bayan tarar, sunansa na cikin jerin masu magana da yawun Fadar Shugaban Ƙasa, a matsayin babban mataimaki na musamman ga Shugaba Bola Tinubu kan harkokin jaridu.

Mutumin da gwamnatin tarayya ta hukunta aikinsa jiya, yau shi ne ɗaya daga cikin bakunanta, kuma jam'iyyar da ke mulki ba ta sauya ba. Masu son tsegumi sun sami abin taunawa, sun kuma tauna. Sai dai tsegumin bai taɓa inda lamarin yake da nauyi ba. Inda yake da nauyi shi ne wurare irin su Birnin Gwari, inda sahihin labari yake daidai da rai da dukiya, kuma inda masu iya nemo shi ba su taɓa yin yawa ba.

Yawancin abin da fim ɗin ya nuna a Zamfara aka ɗauka, amma dajin ɗaya ne. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, yana cikin ƙasar Birnin Gwari, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Ta kudu da yamma ƙasar ta dangana da Jihar Neja, ta arewa da Katsina. Wanda ya sato shanu a Ɗansadau yana iya kwana da su a ƙasar Birnin Gwari ba tare da ya taka kwalta ba. Ita kuwa kwaltar, wadda ta taso daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa da Kuriga ta shiga Birnin Gwari, sannan ta wuce Tegina ta nufi Mokwa da Jebba, tana cikin tsofaffin hanyoyin da suka haɗa Arewa da Legas. Wani reshen ya bi ta Dogon Dawa ya ɓulla Funtuwa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa yi wa masara ko shanu lodi zuwa Kudu ya san abin da ake nufi da a ce hanyar Birnin Gwari ba ta biyuwa: zagaye, ƙarin man fetur, ƙarin kwana, da ƙarin kuɗin da a ƙarshe mai saye a kasuwa zai biya.

Bala'in yankin ya girmi yawancin labaran da ake bayarwa a kansa. Tun a watan Oktoban 2012 'yan bindiga suka afka wa Dogon Dawa da asuba suka kashe kimanin mutum 20, lokacin da ƙasa ta zuba ido ga Barno da Yobe, ba wanda ke kallon yammacin Kaduna. A watan Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka. A watan Mayun shekarar aka kashe aƙalla mutum 45 a Gwaska. Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya sha fitowa da kansa yana kokawa a kafafen yaɗa labarai, abin da sarakuna ba su cika yi ba sai tura ta kai bango. A duk tsawon waɗannan shekaru, labarin yankin yakan iso birni ne ta bakin direba, ko ta wayar wani ɗan gari, ko ta sanarwar Ƙungiyar Ci Gaban Masarautar Birnin Gwari, BEPU. Jaridu kaɗan ne suke da wakili zaunanne a can.

Abin da ɗan jarida ya gano

Malam Abdulaziz ɗan Kano ne, ya kuma yi aiki a jaridun Leadership da Blueprint. Ba yau ya fara tsallaka layin da ke tsakanin ɗakin labarai da ofishin ɗan siyasa ba, domin ya taɓa zama kakakin Malam Nuhu Ribadu a shekarun da Ribadu yake neman kujerar gwamnan Adamawa. Daga nan ya koma aikin jarida, kuma a Premium Times ne ya yi aikin da ya fito da sunansa: rahoton watan Yulin 2018 kan takardar yafe hidimar ƙasa da Ministar Kuɗi, Kemi Adeosun, take riƙe da ita. Ministar ta ajiye aiki a watan Satumba. Ba kasafai rahoton jarida yake tuɓe minista a Najeriya ba.

Da ya koma Daily Trust sai ya juya ga daji. A ƙarshen 2021 ya isa wurin Bello Turji a yankin Shinkafi ya yi hira da shi ido da ido, a daidai lokacin da sunan Turji kaɗai yake tashin gari. Ana iya saɓani kan ko ya dace a miƙa wa irin wannan mutum makirfo, kuma saɓanin na da tushe. A watan Nuwamban 2021 wata Babbar Kotun Tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, aka kuma buga hukuncin a mujallar gwamnati a watan Janairun 2022. Uwar da aka kashe wa ɗa ba za ta ji daɗin ganin wanda ake zargi da kisan yana zaune a inuwa yana kawo hujja ba.

Amma gani ya kori ji. Kafin irin waɗannan hirarraki, mutanen birni suna ɗaukar 'yan bindiga a matsayin wata runduna guda mai shugaba guda, wadda za a iya murƙushewa da ruwan bama-bamai na mako biyu. Aikin 'yan jaridar da suka shiga ya nuna akasin haka: daba-daba ne masu yawa, kowace da kacallanta, suna faɗa da juna kamar yadda suke faɗa da gwamnati. Ya nuna yadda rikicin ya faro daga satar shanu da cinye burtali da makiyaya da ramuwar gayya tsakanin Fulani da 'yan sa-kai, kafin ya rikiɗe ya zama sana'a mai cin gashin kanta. Ya nuna cewa akwai masu kai musu mai da abinci da ƙwaya daga cikin gari. Duk wanda ya zauna teburin sulhu da waɗannan mutane daga baya, a kan wannan ilimi ya dogara, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Tarar da NBC ta yanka kuwa ba ta yi ƙarko ba: a farkon 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke ta, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar, bisa hujjar cewa hukumar ba kotu ba ce.

Kakakin da ya riƙa ƙirga gawa

A Kaduna, wani ɗan jaridar ya riga Malam Abdulaziz tsallakawa, kuma shi ne wanda sunansa ya fi haɗuwa da na Birnin Gwari a kunnen jama'a. Mista Samuel Aruwan ya yi shekaru yana aiko da rahotanni daga Kaduna, ciki har da wa jaridar Blueprint, kafin ya zama kakakin Malam Nasiru El-Rufa'i a 2015. A 2019 aka ƙirƙiro Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida aka naɗa shi kwamishinanta na farko.

Abin da ya yi da wannan kujera ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya saɓa wa ɗabi'ar gwamnatocin Najeriya. Al'adar da aka gada ita ce hukuma ta yi shiru, idan an matsa ta musanta, idan an ƙara matsawa ta rage adadin. Ma'aikatar Aruwan kuwa kusan kullum sai ta fitar da sanarwa: an kai hari ƙauye kaza, an kashe mutum kaza, sau da yawa har da sunayensu. Sannan duk wata uku a gabatar wa gwamna rahoto a gaban 'yan jarida da shugabannin tsaro, a ƙarshen shekara a haɗa jimla. Daga bakin gwamnati aka ji cewa a 2020 an kashe mutum 937 an sace 1,972 a faɗin jihar. A 2021 an kashe 1,192 an sace 3,348. A 2022 an kashe 1,052 an sace 4,227. Birnin Gwari, tare da Giwa da Igabi da Chikun da Kajuru, ba ta taɓa fita daga sahun gaba a waɗannan rahotanni ba.

Wannan hannun ɗan jarida ne a cikin rigar gwamnati. Wanda ya saba tambayar "mutum nawa, a ina, yaushe" ya shigo da tambayar cikin ofis. Ba a ce alƙaluman sun cika ba, domin abin da ya isa kunnen jami'an tsaro da hakimai kaɗai suke ɗauka, kuma mutanen Randagi da Kakangi sun san an binne waɗanda ba su shiga kowane rahoto ba. Amma sun zama ma'auni. Mai bincike a jami'a, da ɗan majalisa, da ɗan adawa, duk sun sami abin riƙewa. Ko wanda yake son ya caccaki El-Rufa'i, da alƙaluman El-Rufa'i yake caccakarsa.

Irin wannan hannun aka sake gani a watan Disambar 2023, bayan jirgi marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Ƙaramar Hukumar Igabi. Rundunar sojin sama ta ce ba ita ba ce. Washegarin harin, sanarwar Aruwan ce ta bayyana cewa rundunar sojin ƙasa ta amsa a taron da aka yi da Mataimakiyar Gwamna, Dokta Hadiza Balarabe, cewa aikinta ne. Da an bi tsohuwar al'ada, da an kwashe makonni ana ɗora wa juna.

To amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bakin da ya riƙa faɗin adadin mamata, shi ne a ƙarshen Satumban 2021 ya sanar da katse layukan waya a sassan jihar, ciki har da Birnin Gwari, tare da hana hawa babur, bayan an riga an rufe kasuwannin mako da safarar dabbobi. Hujjar ita ce a yanke wa 'yan bindiga hanyar sadarwa da masu kai musu rahoto. Kusan wata biyu aka yi kafin a maido da layukan. A cikin waɗannan makonni, ɗan ƙauyen da aka kawo wa hari ba shi da hanyar kiran agaji, ɗan jarida a Kaduna ba shi da hanyar tabbatar da komai, kuma sanarwar ma'aikata ta zama kusan ita kaɗai ce tagar da ake leƙa yankin. Ba lallai ne gwamnati ta yi ƙarya ba. Amma shaida guda, ko da mai gaskiya ne, shaida guda ne.

A watan Nuwamban shekarar kuma aka kama ɗan jarida Luka Binniyat kan wani rahoto da ya rubuta game da kashe-kashen Kudancin Kaduna, bayan ƙorafin da kwamishinan ya shigar cewa an ɓata masa suna. An tuhume shi a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet, ya kuma shafe kusan wata uku a tsare kafin ya sami beli. Kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin kare mutuncinsa, kwamishina ma haka. Sai dai idan mai ƙorafin shi ne mai zama da shugabannin 'yan sanda a taron tsaro, darasin da ƙananan wakilan jaridu za su ɗauka ba ya buƙatar fassara.

Ba sabon abu ba ne

Masu ganin tsallakawar ɗan jarida zuwa gwamnati a matsayin cin amanar sana'a suna mantawa da yadda sana'ar ta faro a wannan yanki. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da kuɗin hukuma aka kafa ta. Editanta, Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara ne, garin da ke bakin wannan daji ta ɓangaren Neja, kuma daga baya shi ma ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Fim ma ta ƙofar hukuma ya shigo: majigin da ake kafawa a ƙofar fada, ana nuna wa talakawa noman auduga da tsabta da biyan haraji. Kafin duk waɗannan akwai sanƙira da mai shela, waɗanda aikinsu isar da maganar sarki ne ba tantance ta ba. A zamanin nan kuwa layin ya yi tsawo: Olusegun Adeniyi wajen Umaru 'Yar'aduwa, Reuben Abati wajen Jonathan, Femi Adesina da Malam Garba Shehu wajen Buhari. Ministan Yaɗa Labarai na gwamnatin Tinubu, Alhaji Mohammed Idris, shi ne mai jaridar Blueprint, inda Abdulaziz da Aruwan duk suka taɓa aiki.

Akwai kuma dalilin da ba a son faɗa a fili. Aikin jarida a Najeriya ba ya riƙe iyali yadda ya kamata. Akwai gidajen jaridun da ke bin ma'aikatansu bashin albashi na watanni, akwai wakilan da abin dogaronsu shi ne kuɗin motar da ake miƙawa bayan taron manema labarai. Wanda ya kai shekara arba'in, ya yi suna, ya sa ransa a tafin hannu ya shiga daji ba tare da inshora ba, idan aka yi masa tayin ofis da mota da albashin da ke zuwa a kan kari, sai wanda bai san zafin kuɗin makaranta ba ne zai yi saurin jifansa. Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa fahimtar abin da ke biyo baya: da zarar ka sa hannu a takardar kama aiki, akwai abin da ka sani wanda ba naka ba ne ka faɗa.

Nan ne asarar take, kuma jama'a ce ke ɗaukarta. Ɗan jaridar da ya san daji ba a yinsa a shekara guda. Sai ya iya harshe, ya san wane ardo ne zai yi masa jagora, wane ɗan sa-kai ne ke ƙara gishiri, wane jami'i ne ke rage shi. Idan ya tafi fada, da littafin lambobinsa yake tafiya. Gwamnati ta ƙaru da mai ilimi, ɗakin labarai kuma ya koma jiran sanarwa. Wanda zai gaje shi kuwa ya ga abin da ya sami Trust TV, ya ga na Binniyat, ya kuma ga yadda Malam Tukur Mamu, mawallafin Desert Herald da ya shiga tsakani wajen sakin fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, ya ƙare a gaban kotu kan tuhumar ta'addanci da yake musantawa. Batun Mamu daban ne, domin ya wuce ɗauko rahoto ya shiga ciniki, amma saurayin da ke fara aiki ba lallai ya tsaya bambancewa ba. Abin da zai gani shi ne daji ba ya barin wanda ya kusance shi lafiya.

Kuriga ta nuna abin da wannan giɓi yake haifarwa. A ranar 7 ga Maris, 2024 aka kwashe ɗalibai daga makarantar garin, wanda ke kan hanyar Birnin Gwari ko da yake a Ƙaramar Hukumar Chikun yake. Adadin da aka fara bayarwa, wanda ya zagaya duniya, shi ne 287. Bayan fiye da mako biyu sojoji suka sanar da kuɓutar da 137 a Zamfara, mata 76 da maza 61, gwamnatin jiha kuma ta ce su ke nan, ban da malami guda da ya rasu a hannun maharan. Ministan Yaɗa Labarai ya ce Shugaban Ƙasa ya hana biyan kuɗin fansa. Mai yiwuwa ne ƙwarai adadin farko kuskure ne na ruɗani, domin yara da yawa sun watse cikin daji da gonaki a ranar. Amma tazarar 150 ba ƙarama ba ce, kuma abin da zai kashe zargi shi ne rajistar makaranta a hannu guda, wakilin jarida mai bin gida-gida a ɗaya hannun. Rashin wannan ya sa har yau akwai masu shakka, ko da gwamnati gaskiya ta faɗa.

Sulhu, da abin da ba a karanta ba

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da aka ce sun tuba, ya kuma buɗe kasuwar kara da ta shafe kimanin shekara goma a rufe. An ƙulla sulhun ne da haɗin gwiwar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, wato ofishin Malam Nuhu Ribadu, tsohon maigidan Malam Abdulaziz. Wannan juyi ne babba daga matsayin El-Rufa'i, wanda ya tsaya a kan cewa ba sulhu, ba fansa.

Ba adalci ba ne a raina abin da ya biyo baya. Motoci sun koma bin hanyar da a da sai da rakiyar sojoji. Tireloli na ɗaukar shanu daga kara. Manoman da suka yi shekaru ba su leƙa gonakinsu na nesa ba, ko suka riƙa biyan 'yan bindiga kafin su yi shuka da girbi, da yawansu sun koma. Wanda ya binne 'yan uwansa a Gwaska ba ya buƙatar wani mai sharhi daga birni ya koya masa darajar kwana ba tare da jin harbi ba.

Amma tambayoyin da ɗan jarida zai yi suna nan ba a amsa su a rubuce ba. Bindiga nawa aka karɓa, kuma nawa suka rage a daji? Waɗanne kacalloli ne suka shiga yarjejeniyar, waɗanne ne ba su shiga ba? Me aka yi musu alkawari? Wanda aka kashe wa uba, ko aka karɓe wa miliyoyi, ina zai kai ƙara? Shanun da ake kawowa kara, wa ke tantance asalinsu? Idan an daina kai hari a Birnin Gwari, shin maharan sun ajiye sana'ar ne ko sun karkata zuwa Neja da Katsina? Sannan ga batun Ansaru, wadda lamarinta ba na shanu ba ne. A 2022 BEPU ta yi ta kururuwa cewa ƙungiyar na wa'azi da ɗaukar matasa a gabashin masarautar, wajen Damari da Kuyallo, har ta hana harkokin siyasa. A shekarar ne kuma jaridu suka bankaɗo wasiƙar da El-Rufa'i ya aika wa Shugaba Buhari yana gargaɗin cewa 'yan ta'adda na kafa tasu hukumar a yankin. A watan Agustan 2025 Ribadu ya sanar da kama manyan jagororin ƙungiyar biyu. Kama shugaba nasara ce, amma ba ta faɗi halin da ƙauyukan da aka yi shekaru ana yi wa huɗuba suke ciki ba.

Tarihi ma bai ba da dalilin sakin jiki ba. Katsina ta yi sulhu a zamanin Aminu Masari, ya rushe, har gwamnan ya fito ya ce an ci amanarsa. Zamfara ta yi a zamanin Bello Matawalle, shi ma bai ɗore ba. A duka biyun, an yi bikin karɓar bindigogi a gaban kyamara, amma sharuɗɗan sun zauna a aljihun mutane ƙalilan, saboda haka da abin ya fara tsagewa ba wanda ya iya nuna wane ɓangare ne ya fara saɓawa.

Gwamna Uba Sani ya sha nanata cewa ko kwabo ba a ba 'yan bindiga ba. A ƙarshen Agustan 2025 El-Rufa'i ya fito a talabijin ya zargi gwamnati da biyansu da ciyar da su, ofishin Ribadu da gwamnatin Kaduna kuma suka ƙaryata shi da kakkausar murya. Ɗan kasuwar da ke son ya zuba jarinsa a sayen masara a Birnin Gwari, da malamar asibitin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa can, an bar su tsakanin maganar tsohon gwamna da ta sabon gwamna, mutum biyu da kowa ya san abin da ke tsakaninsu. Ba su da alƙali na uku. Rahoton wata uku-uku da aka saba gabatarwa a bainar jama'a ya ja baya tun bayan sauyin gwamnati, Aruwan kuma ya bar ma'aikatar. Abin mamaki shi ne yanzu ne gwamnati ta fi buƙatar wannan rahoto, domin idan sulhun yana aiki kamar yadda ake faɗa, alƙaluman ne za su fi kowane kakaki iya yi mata shaida. A ajiye 4,227 na 2022 kusa da adadin bana, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a bar mutane su yi lissafi da kansu.

A nan ne ya kamata a auna 'yan jaridar da suka koma fada, tun daga Abuja har Gidan Sir Kashim. Ba wanda ke sa ran kakaki ya fito ya tona asirin maigidansa, kuma ba aikinsa ba ne. Abin da yake iyawa, wanda ɗan siyasa zalla ba zai yi tunaninsa ba, shi ne ya tsaya a cikin ɗaki ya ce a fitar da adadin, a buga sharuɗɗan da za a iya bugawa, a bar wakilan jaridu su shiga Kuyallo da Randagi ba cikin ayarin gwamna ba, kuma idan sun dawo da abin da ba shi da daɗi kada a aika musu da takardar tara ko 'yan sanda. Malam Abdulaziz ya san ɗacin wannan takarda fiye da kowa a fadar. Ko yana faɗin haka a ciki, ɗaki ne ya sani. Daga waje, sakamakon kaɗai ake iya gani.

Su ma masu gidajen jaridu ba su da bakin ɗora wa gwamnati laifin duka. Garin da ke da masarauta, da babbar kasuwar shanu, da zinare a ƙasarsa, kuma bai wuce tafiyar 'yan awoyi daga Kaduna ba, ya isa a ajiye masa wakili mai albashi. Yanzu da hanya take biyuwa, uzurin tsaro ya ragu. Idan aka bar aikin ga shugabannin BEPU da matasan da ke rubutu a Facebook, to an bar shi ga mutanen da ke kwana a garin da tubabbun suke shigowa cin kasuwa, kuma kowa ya san iyakar abin da mai irin wannan maƙwabci zai iya furtawa.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma Birnin Gwari za ta zama hujja a bakin kowane ɓangare. Masu mulki za su nuna hotunan kara cike da shanu, 'yan adawa za su jira hari na farko su ce ga abin da suka faɗa. Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida tana nan, hakimai da jami'an tsaron da ke aiko mata da bayanai suna nan, tsarin ƙirgar da aka yi amfani da shi daga 2020 zuwa farkon 2023 ma yana nan a cikin fayil. Umarnin gwamna kawai ake jira a ci gaba da karanta shi a fili.